Falankin da Na Ara Ranar Juma'a

Ni ne na yi laifi, kuma gara in faɗi haka tun yanzu kafin labari ya yi nisa wani ya fara nema mini uzuri. Abin ya faru ne a Guangzhou shekaru da dama da suka wuce. Ko da zan manta da duk abin da na gani a ƙasar Sin, wannan kam ba zai sake ni ba har ranar da za a kai ni makwanci.

A lokacin ina harkar lodi. 'Yan kasuwarmu na Kano sukan zo su sari kaya a kasuwar Shahe ko ta Shisanhang, riguna da wanduna da kayan yara, su kawo mini, ni kuma in ɗaure su dila-dila in cusa a kwantena. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma in dai batun cika kwantena ne, ba na jin akwai wanda ya fi ni a wajen. Sitonmu yana can bayan gari, wani dogon gini mai rufin kwano, mun raba shi biyu da wani dattijo mutumin Maraɗi. Kowa Baba yake ce masa. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Bakano.

Baba ya daɗe da sakar wa 'ya'yansa kasuwanci. Abin da ya sa a gaba a nasa ɓangaren siton shi ne ƙera jirgin sama na katako. Ranar da aka fara gaya mini na yi dariya har da riƙe ciki, na ɗauka irin na wasan yara ne. Sai da na zauna da shi na gane ba wasa a ciki. Yana saurayi ya yi aikin kafinta a Yamai wajen wani Bafaranshe, wanda ya ƙera irin wannan jirgi a bayan gidansa, kuma shi ya koya masa tuƙi. Baba ya ce asalin abin, bayan babban yaƙin Turawa, akwai mutane da yawa masu son tashi sama amma ba su da halin sayen jirgi. Sai wasu suka zauna suka zana ƙananan jirage waɗanda kafinta zai iya haɗawa a cikin zaurensa da katako da gam da yadi da injin mota. Mutum ya aika a turo masa zanen, ya yi shekaru yana sassaƙa, wata rana ya tura shi fili ya hau. Da Bafaranshen zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba zanen, Baba kuma ya yi ta yawo da shi har tsufa.

Jirgin na mutum ɗaya ne. Gangar jikinsa ba ta wuce ƙaramin kwalekwale ba, a gaba za a ɗaura injin tsohuwar motar nan mai kama da kunkuru, wadda iska ke sanyaya ta, sai farfela ta katako. Fiffiken guda ɗaya ne dogo, yana ratsawa ta ƙarƙashin kujerar matuƙi, bakinsa biyu sun ɗan ɗaga sama kamar na shaho in ya saki jiki. A cikinsa akwai siraran katakai jere da Baba yake kira haƙarƙari, dukkansu kuma a manne suke da wani dogon katako guda wanda yake kira ƙashin baya. Ya ce duk nauyin jirgi da na mutumin da ke ciki a kan wannan katakon yake rataye in ana sama. Itacen ma ba kowane ba ne, mara nauyi ne mai miƙaƙƙen zare, daga ƙasashen sanyi ake kawo shi. Wani tsohon kafinta Basine mai shago a layinmu, wanda muke kira Shifu, shi ya samo masa, su biyun suka yi kusan shekara suna mannawa suna gogewa kafin ƙashin bayan ya kammala. Ba a Sin za a tashi da shi ba, babu mai barin baƙo ya yi haka. Nufin Baba shi ne in an gama in loda masa shi zuwa gida, ya haɗa shi a Maraɗi ya hau da kansa.

Muna yawan tsokanar juna. In dilolina suka fara cin iyakarsa yakan ce, “Bakano, ku in kun ga hili hankalinku ba ya kwanciya sai kun cusa mai kaya.” Ni kuma in ce, “Ku kuma Baba, in kun ga katako sai kun ce zai tashi.” Ya yi dariya ya miƙo mini shayi.

Wata Juma'a gab da azumi kayan Sallah suka yi mini yawa. Babbar mota ta iso da kwantena daidai lokacin da mutane ke shirin tafiya masallacin Huaisheng. Baba ya sa farar rigarsa ya tsaya a ƙofa ya ce, “Taho mu tahi, kaya ba su gudu.” Na ce ya yi gaba zan same shi. Na san ba zan je ba.

Mu masu lodi muna da wani falanki da muke jinginawa a bakin kwantena mu riƙa turo dila a kansa, don ba a ɗaga dilar wanduna da hannu. Ranar na neme shi na rasa, maƙwabta sun ara. Na tambayi mai gadi, ya kaɗa hannu ya ce “mei yo”, wato babu. Direba yana ta danna ham. Na waiga, sai ga ƙashin bayan jirgin Baba a kan benci biyu, dogo, sumul, kamar don aikina aka yi shi. A idon mai lodi duk katako mai tsawo falanki ne. Amma kada in yi wa kaina ƙarya: na san abin da nake ɗauka, domin sai da na shimfiɗa masa kwali don kada ya ƙarje Baba ya gani.

Da ni da 'yan dako biyu muka jingina shi, muka yi ta turo kaya. Ya ɗauka kuwa, yana ɗan lanƙwasa yana miƙewa. Saura kaɗan mu gama wata ƙatuwar dila ta maƙale, na hau kan katakon da kaina na sa kafaɗa na tura. Sai na ji wani ɗan sauti a ƙarƙashin ƙafata, ƙas, bai wuce na mutum ya lanƙwasa yatsa ba. 'Yan dakon suka kalle ni, na kalle su.

Da motar ta tafi na goge shi tas na duba. Bai karye ba, bai tsage ba. Abin da na gani kawai wani ɗan layi ne siriri kamar silin gashi, ya gitta zaren itacen kusa da tsakiya. Na mayar da shi kan benci, na juya gefen layin ƙasa. Baba ya dawo da ledar lemo ya ba ni, ya ce ya yi mini addu'a tunda kasuwa ta hana ni zuwa. Na karɓa na sha.

Baba bai sake bin katakon da ido ba, tunda ya riga ya gama bincikensa tun lokacin da suka haɗa shi, kuma ganinsa ya fara raguwa. Cikin 'yan kwanaki shi da Shifu suka manna fallen katako a kan wajen, layin ya shige ciki. Na ce wa raina shi ke nan, ai bai karye ba.

Bayan Sallah muna shan shayi, Shifu ya kawo wani guntun itace da ya ƙi saya, yana nuna wa Baba wani abu a jikinsa. Na leƙa. Layi ne siriri kamar silin gashi. Na tambayi Baba mene ne, ina ƙoƙarin kada muryata ta canza.

Ya ce, “Wanga shi ne abin da muke tsoro. Wanda ya karye a hili ka gan shi, ka yar. Wanga kuwa an danne shi ne ya ji ciwo daga ciki. Zai ɗauke ka ka tashi lahiya lau, yau da gobe. Ranar da ka karkata a sama iska ta matsa shi, sai ya naɗe kamar tabarma.”

Na ce, “To yaya ake gyara shi?”

Ya ce, “Ba a gyarawa.”

Nan ne ya kamata in yi magana. Kalma kaɗan ce. Amma na tuna shekarar da suka yi a kan katakon, na tuna yadda labari zai zaga cikin 'yan kasuwa cewa Bakano mai lodi ba a ba shi amanar kaya, na yi shiru. Daga ranar na san cewa akwai mutumin da zai mutu, na san ta inda mutuwar za ta zo masa, kuma kullum da safe ina gaishe shi.

Aiki ya ci gaba. Suka jera haƙarƙarin, sannan aka zo sa yadi. Ni ne ma Baba ya aika na sayo masa yadin, tunda na san kasuwa. Fari ne fat. Suka lulluɓe fiffiken da shi, suka bi shi da dutsen guga har ya ɗame kamar fatar ganga, suka riƙa ɗinke shi da basilla, Baba a wannan gefe, Shifu a wancan, ɗaya ya tura ɗaya ya ja. Na tsaya daga nesa ina kallon tsofaffi biyu sun sunkuya a kan dogon abu fari suna ɗinki. Na taɓa tsayawa a inda ake yi wa mamaci sutura, kuma abin da na gani ke nan. Na fita waje na daɗe ban dawo ba.

Duk wanda ya zauna a Guangzhou ya san wani lokaci bayan sanyi da gari ke jiƙewa. Ba ruwan sama ba ne. Bango ne ke gumi, tayil na tsattsafo da ruwa, wanki ya yi kwanaki bai bushe ba, rana tsaka ka kasa ganin ginin da ke gabanka. A wannan lokacin suka rataye fiffiken a jikin rufi da igiya don kada laimar ƙasa ta taɓa shi. Ya zama duk inda na tsaya a siton yana saman kaina, fari, yana ɗan juyawa a hankali ko da babu iska.

Sai na fara jin sautin. Ina cikin ɗaure kaya da rana, wajen shiru, sai in ji ƙas daga sama. In ɗaga kai, ba komai. In sunkuya, ya sake. Na tambayi Baba ko yana ji, ya ce itace ne ke shan laima, haka yake yi. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma raɓar da ke taruwa a jikin yadin ba ta ɗiga ko'ina sai daga wuri ɗaya, kusa da tsakiya, ta yi ɗan tabo baƙi a siminti. Na goge tabon, washegari ya dawo. Na ja dila na rufe shi, na dawo na tarar da ruwan ya jiƙa dilar. Har yau ban san ko can ne kawai igiyar ta sa ya fi saukowa ba. Abin da na sani shi ne na daina bi ta ƙarƙashinsa.

Wata rana bayan azahar na shigo ban ji motsin kowa ba. Na yi sallama, shiru. Na zaga ɓangaren Baba, inda gangar jirgin take a kan benci, ba a riga an sa mata kujera ba, dogon akwati ne kawai na katako. Baba yana kwance a ciki, miƙe, hannuwansa a kan ƙirji, idonsa a rufe, fiffiken yana rataye daidai kansa. Na tsaya ina kallon rigarsa in ga ko tana motsi. Ban san tsawon lokacin da na yi ba kafin ya buɗe ido ya ce, “Mi ya faru, Bakano, ka ga aljani? Awo nike, in ga inda ƙahwata za ta kai, barci ya sace ni.” Ya miƙo hannu in tashe shi. Hannun sanyi ƙalau, irin sanyin laimar nan. Ya ce, “Daidai ni ne. Kamar an auna.”

A cikin waɗannan kwanakin ne Sinawa ke ziyarar kaburburan iyayensu. Suna da al'adar ƙona abubuwan takarda, gida ko mota ko riga, wai su isa ga mamatansu. Wata safiya na fito na ga Shifu a bakin lungu ya tsuguna gaban wata tsohuwar garwa da wuta a ciki. Ya yi wa ɗan'uwansa da ya rasu ƙaramin jirgi na takarda da tsinke, ya kwaikwayi na Baba sak, har da bakin fiffiken da ya ɗaga. Ya nuna mini yana murmushi, ya sa shi a wuta. Na tsaya ina kallo. Kafin wutar ta kama gangar jikin, fiffiken ya lanƙwashe daga tsakiya ya naɗe, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya. Ni Musulmi ne, ban yarda takarda tana kai saƙo lahira ba. Amma ranar ban iya cin abinci ba.

Duk da haka ban yi magana ba. Ina so mai karatu ya san wannan. Na yi ta neman hanyar da zan tsira ba tare da na buɗe baki ba. Na ce wa Baba shekarunsa sun wuce hawa jirgi, ya yi dariya. Na ce ya bar shi a matsayin abin kallo, ya ce ba don kallo ya yi ba. Har addu'a na yi kwantenar ta faɗa teku.

Ranar lodin jirgin ta zo. Ni na shirya komai da hannuna, na yi wa fiffiken gado da katifu, na ɗaure shi yadda ko ƙwai ne ba zai fashe ba. Ban taɓa yin lodi mai kyau irin na ranar ba. Baba yana tsaye yana kallo, fuskarsa kamar ta ango. Na rufe ƙofa ɗaya ta kwantenar. Na kama ta biyu, sai ya dafa kafaɗata ya ce, “In Allah ya kai mu, ranar da zan tashi sai ka zo. Kai zan sa ka juya mini farfela.”

Hannuna yana kan ƙarfen ƙofar. Na ga kaina a wani fili a Maraɗi, 'ya'yansa da jikokinsa sun taru, na juya farfela da wannan hannun, na ja da baya ina kallon sama, ni kaɗai na san abin da ake jira. Na ce, “Baba, a sauke fiffiken.”

Na gaya masa. Amma ko a nan ban yi yadda ya kamata ba. Na cika maganar da kaya sun yi yawa, da direba yana sauri, da maƙwabta sun ɗauke falanki, da ai na sa kwali. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Wace rana?” Na ce ranar Juma'ar nan. Ya ce, “Wadda na kawo maka lemo.” Na ce ita.

Aka sauke shi aka ɗora a kan benci. Baba ya ciro wuƙa ya ce in nuna wajen. Na nuna. Ya farke yadin da ya ɗinka da hannunsa, Shifu ya ɓanɓare fallen katakon, suka sunkuya da fitila. Layin yana nan, ya ƙara tsawo, ya kusa zagaye itacen. Baba ya sa aka tokare tsakiyar, ya je bakin fiffiken ya ɗora hannu biyu ya danna, dannawar tsoho. Ba wata ƙara mai yawa. Ya naɗe kawai. Shifu ya kalle ni ya faɗi wata magana da yarensu wadda ban nemi a fassara mini ba. Baba kuwa ya mayar da wuƙarsa kube, ya ɗauki butarsa ya fita.

Ya yi watanni ba ya yi mini magana in ban da amsa sallama. Ni kuma na riƙa zuwa siton a lokacin da na san ba ya nan. A cikin zuciyata har ina jin haushi, ina cewa ai na ceci ransa, me kuma yake so. Sai a hankali na gane ban ceci kowa ba, na dai fasa kashe shi ne, kuma na bar shi ya yi ta zuba ƙarfinsa na tsufa a kan abin da na san matacce ne. Taka katakon kuskuren rana ɗaya ne, da na faɗa a ranar da an yi faɗa an wuce. Shirun shi ne laifin, domin shi kullum nake sabunta shi da safe in na ce masa ina kwana. Abin da wannan al'amari ya koya mini ke nan: ɓarnar da ka ɓoye ba ta zama inda ka bar ta, tana ci gaba da tafiya a cikin aikin wani, kuma wanda ya yarda da kai shi ne zai hau kanta. Baba ya rayu shekaru bayan haka. Ya rasu a kan gadonsa a Maraɗi, 'ya'yansa na kewaye da shi, ba a fili ana tsintar katako ba. In na tuna wannan nakan yi godiya ga Allah, sannan in ji kunya.

Wata safiya bayan watannin nan da ba ma magana, zafi ya shigo gari ya bushe, na daure na je siton da wuri. Na tarar da shi shi kaɗai. Sabon itace ya iso, dogo, ɗanyen aiki, yana ƙoƙarin ɗora shi a kan benci, ɓari ɗaya yana zamewa. Na tsaya a ƙofa. Bai kalle ni ba ya ce, “Ka tsaya kallo ne? Kama can.”

Na kama. Muka ɗora shi. Ban saki ba, na durƙusa a wajen da itacen a hannuna, na ce, “Baba, rannan na gaya maka abin da ya faru amma ban ba ka haƙuri ba. Ba direba ba ne, ba kaya ba ne, ni ne. Na ɗauki abinka na san darajarsa, na lalata, na ɓoye. Na ji da kunnena cewa zai kashe ka, na ci gaba da shan shayinka. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Don Allah ka yafe mini.”